H ta Hausa, O ta Wadai: muhawara a zauren iyaye

Maman Ikram, Garwa
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na shiga kasuwa sayen kaye da bik na yara, wato littafin rubutu da biro, sai na ratsa ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Cikin tarin littattafan lissafi da na girkin Turawa na hango wani siriri mai faɗi, bangonsa ya ɗan sha ruwa, da wani tambari mai ruwan zinariya a manne. Sunansa Ashanti to Zulu. Na yara ne, da Turancin Ingilishi, irin na koyon A, B, C. Kowane harafi an ba shi shafi guda da al'umma guda ta Afirka wadda sunanta ya fara da shi, har 26. Yaron mai sayarwa ya ce jaka biyu, muka ƙare a jaka ɗaya.

Tun ina tsaye na buɗe H. Ga mu nan, Hausa. Hoto ya cinye shafin, a ƙasa 'yan layuka kan kiran salla sau biyar a yini. Da dare na nuna wa Ikram, shekararta bakwai. Ta ce, "Mama, mu ne?" Na ce mu ne. Ta ƙura ido ta daɗe, ta juya shafi, ta tarar da wasu mutane daban. Ta dawo baya, ta sake juyawa, ta murza takardar ko biyu ne suka manne. Sannan ta ce, "Shi ke nan? Namu ya ƙare?"

Zanen kam ban taɓa ganin mai kyansa a littafin yara ba. Na yi niyyar in fassara shi in kai wa ƙananan ajinmu na Asabar. Amma tambayar yarinyar nan ta tsaya min a wuya. Me kuka gani?

Baban Sadik, New York
Wa alaikumus salam Adda. Kin yi tsintuwa. Tambarin nan ba ado ba ne, lambar Caldecott ce. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke ba da ita duk shekara tun 1938, ga littafin yara mai hotuna guda ɗaya da suka ga ya fi. Sunan wani mai zane ɗan Ingila na ƙarni na 19 aka sa mata, Randolph Caldecott. Kuma mai zanen ake ba, ba mai rubutun ba. Na hannunki ya fito a 1976, ya ci a 1977. Wadda ta rubuta shi Margaret Musgrove ce, Ba'amurkiya da ta zauna ta yi karatu a Ghana. Masu zanen mata da miji ne, Leo da Diane Dillon. Har yau yana nan a ɗakin karatun unguwarmu, Sadik ya taɓa aro shi.

Addar Domayo, Marwa
Ni tambaya ɗaya gare ni. F wa aka ba?

Maman Ikram, Garwa
Fanti, na Ghana.

Addar Domayo, Marwa
Ikon Allah. Daga Senegal har Sudan muna bin saniya, aka tsallake mu? To K fa?

Maman Ikram, Garwa
Kung, mutanen Kalahari. Babu Kanuri, Adda.

Kawu Tela, Yelwa
Yau dai an haɗa Fulani da Barebari an bar su a bakin ƙofa. Sai ku raba goro ku daina wasan.

Addar Domayo, Marwa
Kawu, ai hankalina ya kwanta. Tunda ba a sa bayinmu ba, ba komai.

Ɗalibar Marwa
Iyayena, a yi min afuwa in na zaƙe. Anti ta turo min hotunan shafukan na duba. Cikin haruffa bakwai na farko, huɗu na Ghana ne: Ashanti, Ewe, Fanti, Ga. Ba laifi, nan marubuciyar ta zauna, abin da ta sani ta rubuta. Amma in aka cire mu Hausawa da muke ko'ina, duk Kamaru ba wanda ya samu shiga. Dalilin kuwa ba ƙiyayya ba ce, harafi ne. Ba a zauna aka ce su wa ya kamata yaro ya sani ba. An jera A zuwa Z ne, aka shiga neman wanda zai cike gurbi. Shi ya sa Hausawa miliyoyi suka samu shafi ɗaya daidai da Wagenia, masuntan da ke bakin kogin Kwango wajen Kisangani.

Sannan abin da aka zaɓa mana. Kiran salla abin alfaharinmu ne, ba ina ja ba. Amma a Indonesiya ma ana kira, a Masar ana kira, Addar Domayo ma shi ke tashinta da asuba. Me ya nuna Bahaushe a ciki? Ina fatauci, ina marina, ina kasuwar Kurmi, ina dukanci? A 1976 ɗin nan jami'ar Zariya ta shekara goma sha huɗu da buɗewa, Bahaushe na sauraron rediyo yana tuƙa babbar mota daga Kano zuwa Njamena. Yaron Amurka da ya rufe littafin nan zai ɗauka duk nahiyar ƙauye ce da biki.

Ɗan Abeshe, Njamena
Ƙanwata, ke kin ma samu shafi da sunanki daidai. Mu zo kan O. An rubuta Ouadai a matsayin al'umma. Wadai ba ƙabila ba ce, ƙasa ce, daula ce. Abdulkarim ya kafa sarautarta ta Musulunci a ƙarni na 17, fadarsa a Wara, har yau kangon gine-ginen yana nan arewa da Abeshe. A ƙarni na 19 ruwa ya yi ƙaranci aka dawo da fada Abeshe, Faransawa suka shige ta a 1909. Mutanen da suka riƙe sarautar Maba ne, suna da harshensu. Ban da su ga Masalit, ga Tama, ga Larabawa, ga mu jikokin alhazan ƙafa. Kakana daga Haɗeja ya taso zai Makka, guzuri ya ƙare masa a Abeshe, ya tsaya sayar da fata, tsayuwar ke nan. In ka ce wa mutumin can "ƙabilarka Wadai" kamar ka ce wa Bakano ƙabilarsa Arewa ce.

Wani abin dariyar, da Ingilishi da W ake rubuta Wadai. Ou ɗin nan rubutun Faransa ne. W an riga an ba Wagenia, O na zaune ba kowa, sai aka ari rubutun Faransawa aka cusa mu. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Baban Sadik, New York
Yaya, gyaranka na Wadai na karɓa hannu biyu, ban san haka ba. Amma ku bar ni in tsaya wa mutanen nan kaɗan, don kuna auna su da mudun yau.

A 1965 wata malama, Nancy Larrick, ta buga wani rubutu da ya tayar da ƙura a nan. An ƙirga littattafan yara sama da 5,000 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, aka tarar waɗanda ke da baƙin mutum ko da guda ɗaya a ciki ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Afirka kuwa in ta fito, mutum ne tsirara da mashi yana gudun zaki. Cikin wannan yanayi Leo Dillon ya taso a Brooklyn, iyayensa 'yan Trinidad. Ya haɗu da Diane, Baturiya, a makarantar zane ta Parsons. Da kishin juna suka fara, kowa na ganin ɗayan zai fi shi, suka ƙare da aure a 1957, lokacin da auren baƙi da fari yake haramun a jihohi da dama na ƙasar. Takarda ɗaya suke yi wa aiki, wannan ya ja layi ya miƙa wa wancan, har suna cewa ba Leo ne ke zanen ba, ba Diane ba ce, wani mai zane na uku ne da ke fitowa tsakaninsu.

A 1976 suka ci Caldecott da wata tatsuniyar Afirka ta Yamma kan dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane. Leo ne baƙar fata na farko da ya taɓa cin lambar. Shekara na zagayowa suka sake ci da wannan na hannun Adda. Ba a taɓa yin wanda ya ci sau biyu a jere ba sai su.

Ku duba hotunan da kyau. Sun ɗora wa kansu ƙa'ida: a kusan kowane shafi a ga namiji, a ga mace, a ga yaro, a ga irin gidansu, da wani kayan aikin hannunsu, da dabba ko tsuntsun yankin. Nufinsu yaro ya gane Afirka ba abu ɗaya ba ce, mutane ne iri-iri, kowa da suturarsa da fuskarsa da mutuncinsa. Ba don Ikram aka yi shi ba. An yi shi ne don yaron da bai taɓa jin kalmar Hausa ba.

Ɗalibar Marwa
To ai ka faɗi maganata, Baffa. Ba don Ikram aka yi shi ba. Me zai kai shi ajin Asabar?

Baban Sadik, New York
Da babu gara ba daɗi, 'yata.

Ɗalibar Marwa
Wannan karin maganar ita ta hana mu yin namu shekara hamsin.

Maman Ikram, Garwa
Ku dakata, akwai abin da ban nuna muku ba. Kawu, kai nake so ka duba. Kowane hoto an kewaye shi da layi kamar firam, a kusurwoyi huɗun kuma layin ya sarƙe ya yi ƙulli. Ga hoton kusurwa ɗaya na turo. A bayanin da ke cikin littafin sun ce daga wani zane na birnin Kano suka ɗauko shi, wanda ake yi tun ƙarni na 16 da na 17, wai yana nufin nema marar ƙarewa.

Kawu Tela, Yelwa
Ɗana ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na sa ya buɗa hoton ya cika waya. 'Yata, wannan dagi ne. Dagi sak, an dai sauƙaƙa shi. Shekarata arba'in da wani abu ina zana shi a kan shadda kafin a bi da zare.

Bari in gaya muku inda ake gane wanda ya iya. Dagi zare ne marar baki. In ka ɗora yatsa ka bi shi, zai hau, ya nutse, ya hau, ya nutse, har ya dawo inda ka fara, ba ka ga bakinsa ba. Yaron da bai ƙware ba sai ya hau sau biyu a jere, ko ya bar baki a ɓoye ƙarƙashin wani layin. Ido ba zai kama nan take ba, amma rigar za ta yi ta damun mai kallo bai san dalili ba. Maigidana da ya koya min, Allah ya jiƙansa, in ka yi haka ba ya magana, reza kawai zai miƙo maka. Na bi na Turawan nan da yatsa a kan gilashin waya. Hawa da nutsewarsu daidai ne. Wanda ya yi wannan ya zauna ya kalli abin, ba wucewa ya yi ya hango ba.

Maganar nema marar ƙarewa kuwa, ni dai a bakin masu allura ban taɓa jinta ba. Mu dagi muke cewa, maigidana ya ce daga dagin zaki sunan ya fito, wato tafin ƙafarsa. Yana jikin riga kusa da aska, yana jikin hula, yana bangon gidajen Kano da Zariya, shi ne kuma tambarin Arewa a Najeriya. Ko dai wani malami ya faɗa musu haka, ko sun ga zaren ba shi da ƙarshe suka yi masa fassara. Ba ta yi muni ba.

Ke kuma ɗaliba, kin ce shafi ɗaya aka ba mu. Ƙirga da kyau. Ashanti yana zaune cikin daginmu, Zulu yana zaune cikin daginmu. Duk su 26 a cikin ɗinkinmu aka zuba su. Ki gaya wa Ikram namu bai ƙare ba, ta dubi gefe.

Addar Domayo, Marwa
Bahaushe ke nan. An ba shi rumfa ɗaya, ya kewaye kasuwar duka.

Ɗalibar Marwa
Kawu, wannan kam ka kayar da ni, ban lura da shi ba sam. Amma yaro ba ya karanta firam.

Kawu Tela, Yelwa
Yaro ya fi ki ganin firam. Ke rubutu kike bi, shi ido yake bi.

Malam Ƙarami, Kuseri
Assalamu alaikum. Na ga ana ta yabon zane, ba wanda ya taɓo abin da iyaye da yawa za su fara tambaya in littafin ya shiga gidansu: hoton mai rai. Akwai hadisai ingantattu masu tsanani kan masu sura, ba za a share su ba. Akwai kuma hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har a ruwayar Abu Dawud ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasanta ya tambaye ta, ta ba shi amsa ya yi dariya. Daga nan malamai da dama suka sauƙaƙa kan abin wasan yara da abin koyarwa, wasu kuma suka tsaya a kan a nisanta. Ba fatawa nake bayarwa ba. Ina dai cewa duk mai son yi wa yaranmu littafi ya san da wannan tun kafin ya ɗauki alkalami, kada a buga a zo ana jayayya a ƙofar Islamiyya.

Kuma kada mu manta muna da namu gadon. Duk wanda ya ga allon zayyana na sauka ya san abin da tawada ja da rawaya da kore ke iya yi ba tare da an zana ko ƙuda ba.

Goggon Yara, Marwa
Malam ya yi gaskiya, amma yaran nan da ake tsare wa hoton takarda, wuni suke a kan waya suna kallon abin da ya fi hoto. Ni dai abin da ke damuna daban ne. Mu da muka taso, hoton a ka yake. Bayan sallar isha kakarmu za ta ce "ga ta nan ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta", fitila ma a kashe don kada a ɓata kananzir. Kowannenmu da irin Gizonsa. Nawa siriri ne mai jan ido, na ƙanwata kuwa wai yana da hula. Ranar da aka zana Gizo a takarda, Gizo ɗaya ya rage wa kowa. Na koyar a lekol shekara talatin, na san amfanin littafi, ba gaba nake da shi ba. Amma kada a ɗauka mu ba mu da komai sai da aka kawo mai tambarin zinariya.

Maman Ikram, Garwa
Goggo, wa ke yi wa yara tatsuniya yanzu? Ni kaina in na dawo daga aiki na yi girki, barci ke ɗauke ni kafin kan kusu.

Goggon Yara, Marwa
To wannan laifin littafi ne ko na Turawa? Ki kawo min ita hutu.

Maman Ikram, Garwa
In sha Allahu, Goggo. Bari in ba ku labarin fassarar, don jiya na gwada. Na ɗauko kaye sabo na fara. A lafiya, B lafiya. Ina isa P na tsaya: Pondo. Hausa ba ta da P. Q ma babu, V babu, X babu. Huɗu sun zube ke nan. T na Tuareg ne, mu kuwa Buzaye muke cewa ko Abzinawa, sun koma B ko A, inda akwai masu wuri. O ya koma W kamar yadda Yaya ya faɗa, ya tarar da Wagenia zaune. Sannan namu haruffan, Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ts da Sh da 'Y, ba su da kowa. Ashe littafin a kan jerin baƙaƙen Ingilishi aka gina shi, in ka zare jerin sai ginin ya rushe. Na rufe kayen wajen ƙarfe ɗaya na dare.

Ɗan Abeshe, Njamena
Zanen aro ba ya rufe katara. A nan ma da za a juya shi Larabci haka za a yi ta fama, alif ba ta ba su san Ashanti ba.

Ɗalibar Marwa
To mu yi namu mana. Me ya hana? Meshack Asare na Ghana shi ke rubutawa shi ke zanawa, a Ghana aka buga masa, ya ci lambar littattafan Afirka mai suna Noma a 1982 da littafin yara. A Yawunde akwai Akoma Mba, masu buga littattafan yara masu hotuna, 'yan ƙasar nan ne ke zana su. Sai dai galibi da Faransanci, kuma kafin su iso Marwa an sha wuya.

Mai Maɗaba'a, Ngaundere
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran a zo wajena. 'Yata, abin da ya hana shi ne kuɗi, bari in warware miki.

Littafin rubutu zalla tawada ɗaya ce, baƙa. Mai launi huɗu ne: shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowanne da farantinsa, takarda ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya goce da ƙwayar gero, fuskar yaro ta fito da inuwa biyu. Kuɗin farantan nan ɗaya ne ko kwafi ɗari za ka buga ko dubu goma. Shi ya sa ɗan kaɗan ke da tsada, da yawa ke da araha, mu kuma ba mu da mai sayen da yawa. Baturen da ya ci lambar nan, ɗakunan karatu da makarantu na ƙasarsu kaf za su yi oda, an gama cin riba kafin littafi ya isa kanti. Mu wane ɗakin karatu zai yi oda?

Sai takarda. Mai sheƙin nan daga waje take zuwa, ta sauka Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa nan inda layin dogo ya ƙare, sannan ta hau babbar mota in Garwa ko Marwa ko Kuseri za ta. Kowane hawa da sauka da kuɗinsa. Uban da ke fama da kuɗin littattafan lekol na dole a watan Satumba, ka ce ya ƙara da na nishaɗi?

Abu ɗaya da zai ba ku sha'awa: yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, ba don komai ba sai don babbar takarda in an naɗe ta 8 ko 16 take bayarwa. Haruffa 26, a ƙara shafin suna da bayani da taswira, an cike. Baƙaƙen Hausa sun fi haka yawa, sai an matsa ko a ƙara naɗi guda.

Na taɓa ƙonewa da aikin Hausa, shi ya sa nake jan kunne. Wata Islamiyya ta kawo ɗan littafin addu'o'i, na zaɓi rubutu mai kyau a kwamfuta, ban duba ba na buga. Ashe salon rubutun ba shi da ƙ da ɗ. Duk inda suke sai ɗan akwati fanko ya fito. Kwafi ɗari uku, daga aljihuna na sake. In za ku yi, ku fara yanke shawara: 'y irin ta Najeriya za ku bi, ko ƴ mai lanƙwasa irin ta Nijar, wadda Fulatancin nan ma ke amfani da ita?

Baban Sadik, New York
Alhaji ya taɓo wajen. Lambar nan kasuwa ce, littafin da ya ci ba a cika daina buga shi ba, shi ya sa na 1976 ya kai har Garwa. Amma sharaɗinta sai ɗan Amurka ko mazaunin Amurka. Ko Kawu ya zana abin da ya fi na Dillon, ba zai shiga takara daga Yelwa ba.

Kawu Tela, Yelwa
Ni lambata ita ce Alhaji ya sa riga ranar Idi a tambaye shi wa ya ɗinka.

Addar Domayo, Marwa
Maganar lamba ta tuna min. Djaïli Amadou Amal 'yar garin nan ce, ta yi shekaru tana rubutu. Sai da ɗaliban Faransa suka ba ta lambarsu ta Goncourt a 2020 sannan wasu maƙwabtana suka fara tambaya ina ake samun littafinta. Adda Maman Ikram, ki faɗi gaskiya, da ba don tambarin zinariyar nan ba, da kin sunkuya kin ɗauka?

Maman Ikram, Garwa
Wallahi shi ya fara jan idona. Ba zan yi ƙarya ba.

Goggon Yara, Marwa
Da can akwai ƙananan littattafan koyon karatu na Zariya da fatake ke shigo mana da su ta Mubi da Yola. Takarda mai araha, zane baƙi da fari, ba tambarin kowa. Da su mahaifina ya koyi boko yana da gemu. Ba dole sai mai sheƙi ba, Alhaji.

Mai Maɗaba'a, Ngaundere
In launi biyu ne a takarda ta kullum, Goggo, wannan ana iya magana. Baƙi da ja, kamar allo.

Maman Ikram, Garwa
To ga inda na tsaya. Fassara na fasa. Littafin zan kai aji yadda yake, in nuna musu hotunan, in gaya musu wasu mutane ne a Amurka suka zana mu tun kafin a haifi iyayensu, su faɗi abin da aka gane da abin da aka kuskure. Gyaran Yaya na Wadai zan rubuta a takarda in liƙa a cikin bango. Sannan mu gwada namu, ba na ƙabilu ba, na abin da yaro ke gani daga ƙofar gida zuwa kasuwa. Kowa ya kawo kalma. Ni na fara: A, agwagwa. B, Binuwai.

Malam Ƙarami, Kuseri
A, allo. In an sa allo ni zan yi zayyanar da hannuna.

Maman Ikram, Garwa
Na janye agwagwa, Malam.

Ɗalibar Marwa
Ɓ, ɓera. M kuma moto, don Allah, kada a ce min maburgi. A sa abin da ke kai su lekol.

Goggon Yara, Marwa
Ba za a sa ɓera a littafin jikokina ba. Ɓaure.

Ɗalibar Marwa
Goggo, yaran Garwa nawa ne suka taɓa ganin ɓaure?

Goggon Yara, Marwa
Shi ya sa za a sa.

Kawu Tela, Yelwa
D kada kowa ya taɓa. Firam ɗin ma nawa ne, amma sai bayan Salla, yanzu riguna goma sha ɗaya ke rataye a kaina. Kuma a takarda mai layi-layi zan zana, Alhaji ya san yadda zai shigar da shi injinsa.

Ɗan Abeshe, Njamena
W a ajiye min. Ba Wadai zan sa ba, kada ku ji tsoro. Waina.

Addar Domayo, Marwa
Saura F. Ina kallonku.

Goggon Yara, Marwa
An ce ba na ƙabilu ba ne. F fura ce.

Addar Domayo, Marwa
Na yarda, Goggo. A dai zana ta cikin ƙwarya an dama, a ga nonon. Mai zanen kuma ya zo Domayo ya ga yadda ake riƙe ludayi.